Giyar Bikin 'Yata Tana Bayan Kwaɗo

Malama Gong,

Shekara tara ke nan rabona da gida, kuma a tsawon shekarun nan ban roƙi kowa komai ba sai aiki. Yau ina roƙonki ki taimake ni da shawara, ki kuma hanzarta, don abin da ya dame ni ba zai jira fitowar jarida biyu ba. Na san filin nan naki na masu rikicin aure ne da masu rigimar albashi. Wataƙila ki ce ga wani ƙato ya rasa abin kuka sai kumfar giya. Ki yi dariyarki, amma ki karanta har ƙarshe.

Ni mutumin garin Longjing ne, a yankin Yanbian, can ƙetare, ba ƙasar nan ba. Walda nake yi a nan tsibirin Geoje, a hannun wani ɗan kwangilar gyaran jirgin ruwa da ba zan faɗi sunansa ba. Takarduna sun daɗe da mutuwa, kin kuwa san ma'anar wannan: in na fita, ƙofa ta rufe a bayana ke nan. Shi ya sa aka binne mahaifiyata ba ni. Shi ya sa matata ta gaji, ta zo Suwon aikin jinyar tsofaffi, ta haɗu da wani mai shagon wayoyi wanda takardunsa ke da rai, muka rabu ta tarho. Ban zarge ta ba. To, na zarge ta na wani lokaci, daga baya na ga zargin ma aiki ne, ni kuwa a gajiye nake dawowa.

'Ya ɗaya ce tsakaninmu, Sol-mae. Na baro ta tana sakandare, da gashi a yanke kamar na namiji. Ta girma a hannun kakarta, ta yi aiki a birnin Qingdao can ƙasarmu, yanzu ga shi za ta yi aure. A Seoul za a yi, a unguwar Daerim, don ko an ce a yi a gida babu wanda ya rage a can da zai ci abincin. Dangin ango duk suna nan ƙasar. Tun da na baro gida, wannan ne karo na farko da zan gan ta ba a fuskar waya ba.

A gidan wani dattijo nake zaune, sunansa Tak, ɗan asalin tsibirin nan. Yaya nake ce masa. Ya yi walda shekara talatin a ƙarƙashin jirage har huhunsa ya ƙi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Busan, ba ya ganinsu sai lokacin bikin girbi. Ya ba ni ɗaki, ya san halin takarduna, kuma bai taɓa ambatar su ba ko da muna faɗa. Na fara da wannan ne don kada ki ji abin da zan faɗa a kansa ki ɗauka mugu ne. Ba mugu ba ne. Kansa ne kamar ƙusar da ta yi tsatsa a cikin katako.

Shi ya koya mini dafa giya, shi kuma wani Bature mai duba jirage ne ya koya masa tun yana da ƙarfinsa. Tsiron sha'ir muke dafawa da furen da ke sa ɗaci, a zuba yis, a bar ta a bokiti ta gama tafasar kanta. Daga nan sai a juye ta a ƙananan gangunan ƙarfe masu cin lita goma sha tara. A nan ne maganar take. Yaya Tak yana narka sukari kaɗan ya zuba, ya rufe gangar gam, ya ajiye ta a ɗumi kusan wata guda. Yis ɗin ya ci sukarin ya yi numfashi, numfashin ya rasa hanyar fita, sai ya shige cikin giyar. Bayan nan a sa ta a firijin da marigayiya matarsa ke ajiye kimchi, kabejin nan mai tsami, ta kwanta. In an tsiyaya, kumfarta kan zauna a baki kamar madara. Kullum sai ya ce, "Giya rai gare ta, ƙanena. Ita ke hura kanta, kai naka zama." Akwai wata hanyar, kowa ya san ta: a sanyaya giyar, a jona mata tukunyar gas, a matsa iskar ta shiga, kwana biyu ko uku an gama. In ka ambaci wannan a gabansa sai ya tofar da yawu ya ce, "Wannan ai tayar keke ce, ba giya ba."

Ranar da Sol-mae ta kira ta gaya mini maganar auren, ina tsaye a bakin titi da hular walda a hannu. Ta ce mijin uwarta ne zai biya kuɗin zauren. Ta ce dangin ango za su yi abinci. Na tsaya ina jira ta ce kai kuma, ba ta ce ba. Kin san al'adarmu, amarya da ango kan durƙusa gaban teburin iyaye su tsiyaya musu abin sha da hannu biyu, kuma kowa a zauren yana kallon wanda aka fara miƙa wa. Ban iya tambayar ta inda zan zauna ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Giyar teburin iyaye ni zan kawo. Da hannuna zan dafa." Ta yi shiru har na duba ko wayar ta yanke. Sai ta ce, "To, Baba. Mu gani."

Ban ga laifinta ba. Yarinyar da aka yi ta ce wa bana zan dawo, bana zan dawo, har ta daina tambaya, ai ta yi ƙoƙari da ta ce to.

Da na gaya wa Yaya Tak, ya fi ni murna. Ya ce, "Kai, ashe kana da amfani ban da cinye mini shinkafa." Shi ya yi odar tsiro mai kyau daga aljihunsa, ya hana ni biya. Ya tsaya a kan tukunya yana tari yana juyawa, in na ce ya zauna sai ya ce in je in koya wa kakana. Ganga biyar muka cika, ba mu taɓa yin mai kyaunta ba, tun daga ƙamshin bokiti mun sani. Uku muka sa a ɗakin ajiya. Biyu ya shigar ɗakin kwanansa, don daɓensa ya fi ɗumi, ya lulluɓe su da bargo. Mun lissafa, za su nuna su huta a sanyi kafin ranar, har da ɗan rara.

Sai uwar ango ta je wurin mai duba. Aka ce mata ranar da aka sa ba ta dace da shekarar haihuwar ɗanta ba, aka jawo bikin baya da kusan mako uku. Ban ji daga bakin 'yata ba ma, uwarta ce ta turo mini layi biyu a waya. Babu wanda ya tambaye ni, kuma don me za a tambaye ni.

Na nuna wa Yaya Tak, ya ɗan yi lissafi da yatsu ya ce ba za ta nuna ba. Ya ce in kai musu ta kanti, wannan in kai daga baya. Malama, "daga baya" shi ne abincin da na ciyar da yarinyar nan da shi tun tana 'yar makaranta. Na ce masa mu nemo gas mu ƙarasa ta. Ya ce a gidansa ba a buga wa giya iska. Na ce bikin 'yata ne. Ya ce, "Don bikin 'yarka ne ma ba zan bari ka kai musu ruwan famfo ba. Kana so surukinka ya kurɓa ya yi gyatsa ya ce uban amarya mai faci ne?" Muka yi ta yi har miya ta huce, kowa ya tashi.

Akwai wani ɗan garinmu a wurin aiki, Pyo, bakinsa ya fi hannunsa sauri. Na ba shi labari muna cin abincin rana, ya kusa shaƙewa don dariya. Ya ce, "Kai dai sakarai ne, ɗan gari. Daga safe har yamma kana zaune a kan tukunyar gas, kana kukan gas? Iskar da muke walda da ita, ita ce a cikin lemon kwalba. Tsohon nan ne ya mai da abin addini." Ya nuna mini wani mutum a waya yana mirgina ganga da ƙafa, ba a jima ba ya tsiyayo giya mai kumfa. Gaskiya Pyo bai yi ƙarya ba a kan sunan iskar. Kuma ba shi ya ɗauko tukunyar ba, ni na ɗauko.

A makon nan ne aka kira Yaya Tak asibiti a Jinju don a sake duba ƙirjinsa, zai kwana biyu. Ranar Lahadi na aro tukunya ɗaya daga shagonmu, da agogonta mai auna matsin iska da tiyonta. Bakin tiyon bai dace da na gangar ba, na zauna na ƙera mahaɗi da kaina, har ina yaba aikina. Ban tsaya na tuna cewa gangunan a ɗumi suke ba. Ban tuna cewa sukarin da muka zuba yana ciki, yis yana kan aikinsa, sun riga sun fara cika da tasu iskar ba. Ban sunsuna tiyon da ya shekara yana jan ƙasa a cikin man inji ba. Mai walda ne ni, na buɗe bawul kamar yadda hannuna ya saba, na yi ta mirgina su da ƙafa, ɗaya bayan ɗaya, duka ukun. Biyun da ke ɗakinsa ban taɓa ba, don ban taɓa shiga ɗakin nan ba sai ya kira ni.

Washegari da na taso aiki na buɗe ta farko. Kumfa ce zalla, da ta kwanta sai ga ruwa gurɓatacce kamar na wankin shinkafa, don mirginawar ta tayar da duk gwiɓar da ke ƙasa. Na kai baki. Man inji da roba. Ta biyu ma haka. Ta ukun kuwa ina taɓa ta mahaɗin nawa ya fincike, giya ta yi tsiri har rufi, ta jiƙa buhun shinkafa, ta malalo ta ƙarƙashin ƙofa zuwa falo. Ina durƙushe ina tare ta da gorunan roba sai na ga takalma a bakin ƙofa. Yaya Tak ya dawo, da ledar magani a hannu.

Da ya yi ihu da na ji daɗi. Bai yi ba. Ya dubi tukunyar, ya gane ta, wa zai gane ta in ba shi ba. Ya ɗauki kofin ya sunsuna ya ajiye. Ya ce, "Shekara talatin ina shaƙar wannan. Yau likita ya nuna mini hoton abin da ta bari a ƙirjina. Na dawo gida na tarar ka ɗura ta a giyata." Na san hayaƙin ƙarfe ne ya ci huhunsa, ba iskar tukunya ba, shi ma ya sani. Na ci gaba da tare giyar da gorunan. Ya cire safa ya taka ta cikin ruwan ya shige ɗakinsa. Da safe ya je kasuwa ya sayo kwaɗo ya sa wa ƙofar.

Tun ranar ba mu ci abinci tare ba. Yana dafawa, yana rufe nawa a kan tebur kamar kullum, amma ya daina ce mini ƙanena. Yanzu da sunan gidanmu yake kirana, cikin ladabi, kamar baƙon da ya zo karanta mitar ruwa. Na ba shi haƙuri sau ɗaya, ya ce babu komai, ai rabin giyar tawa ce, na yi yadda na so da rabona har da ƙari. Na tambaye shi biyun da suka rage. Ya ce suna nan, za su nuna ranar da za su nuna.

Yanzu bari in faɗi abin da ke cina, ko da ba shi da daɗin ji. Jira abu ne mai arha ga mai takardu. Yaya Tak in ya so ganin jikokinsa, bas ɗaya ne. Ni an ba ni yini guda a cikin shekara tara, kuma wata mai duba da ban taɓa gani ba ta matsar da shi. Yana maganar giya mai rai, ni ma ai rai gare ni, kuma an daɗe da rufe ni gam. Ni na ɗauki ruwa, ni na wanke gangunan, ni na ɗaga tukunya mai tafasa don ba ya iyawa. Na ɓata uku, na yarda, babu wanda ya riƙe hannuna. Amma shin don na yi wauta sai in shiga zauren nan hannu wofi, in zauna ina kallon mai shagon waya yana karɓar kofi daga hannun 'yata? In na sayi ta kanti, ita ce dai za ta cika kowane tebur, wadda mai shagon waya ya biya. Me na kawo ke nan?

Na bincika, akwai masu ba da hayar gas mai tsabta a Busan, irin na masu sayar da abin sha, da sabon tiyo. Pyo ya ce, "Kwaɗo? A gaban mai walda? Kai, kada ka kunyata sana'a." Gaskiya ne, kafin Yaya Tak ya gama sayen kifi a kasuwa na gama. Sau biyu ina tsayawa gaban ƙofar nan. Amma mutumin nan ne ya je ya sayo mini magani da sunansa lokacin da ƙarfe ya tsaga mini ƙafa ban isa in je asibiti ba. Kuma ko na fasa, ganga biyu ba sa hawa bas, shi ke da a-kori-kura. In na fasa na rasa Yaya, wataƙila da ɗakin. In ban fasa ba, na tabbatar wa Sol-mae abin da ta daɗe da sani.

Ki gaya mini, wadda aka matsa wa iska da gaske ta fi wadda ta hura kanta muni, ko taurin kan tsoho ne? Wadda aka riga aka sa wa sukari za ta gyaru da gas ko ita ma tsiri za ta yi? Kuma in yi yaya da ƙofar nan? Saura mako biyu.

Ga abin da na iya tsirarwa: ganga biyu da ba a taɓa ba, suna bayan kwaɗo. Gora huɗu ta roba daga wadda ta yi tsiri, warin man bai yi yawa ba in ta yi sanyi. Sai kwat ɗaya da na saya, ba a rage mata hannu ba tukuna.

Mai Walda, Geoje


Ɗan'uwana Mai Walda,

Ban yi dariya ba. Zan fara da abin da ya fi sauƙi: gora huɗun nan ka zubar da su yau. Abin da ya bi ta tiyon walda ba na cikin mutum ba ne, ko warin ya ɓuya a sanyi. Ba ka so a tuna bikin 'yarka da ciwon cikin surukai. Tukunyar nan kuma ka mayar inda ka aro ta kafin a neme ta, mai irin takardunka ba ya son a fara tambayoyi.

Na kai tambayarka wurin wata da ta daɗe tana wannan sana'a, ga abin da ta ce. Iskar da yis ke fitarwa da wadda ke cikin tukunya mai tsabta iri ɗaya ce, kuma giya mai kyau da yawa da gas ake ƙarasa ta, babu abin kunya a ciki. A nan Yayanka ya wuce gona da iri. Amma yana da tasa gaskiyar. Watan nan da giya ke yi a rufe ba kumfa kawai take tarawa ba, ɗanyen ɗanɗanonta ne ke kwantawa, kuma wannan babu bawul ɗin da ke gaggauta shi. Abin da ya kashe gangunanka uku ba gas ba ne. Dattin tiyo ne, da ɗumi, da matsin da ya wuce kima, da mirginawa, a kan giyar da ta riga ta fara cika da iskarta.

Biyun da suka rage ba su makara ba. Suna ɗaki mafi ɗumi, kuma duk kwanakin da kuka yi kuna gaba su aiki suke yi. Ta ce a bar ganga a inda take har saura kwana biyar ko shida, sannan a sa ta a firiji. In ta yi sanyi sosai a tsiyayi kofi ɗaya a zubar, don gwiɓa ce, a ɗanɗana na biyu. Mai yiwuwa abin da ya rage kaɗan ne. In da saura, a jona gas na abin sha da sabon tiyo, a buɗe kaɗan ƙwarai, a bar ta ta sha a hankali, ba girgiza ba mirginawa. Za ta ɗan fi yadda kuka so zaƙi, shi ke nan. Hanyar Seoul za ta tayar da gwiɓa, don haka a isa da ita kwana ɗaya kafin biki, a roƙi masu zauren su ajiye ta a sanyi, kada kowa ya motsa ta.

Ka ga ke nan giyar tana da magani. Yanzu ƙofar.

Kada ka taɓa kwaɗon nan. Ba don a-kori-kura ba, ba don ɗaki ba. Ranar Lahadin da ka yi ɓarna, abu ɗaya ka yi daidai, ba ka shiga inda ba a kira ka ba, kuma saboda shi ne har yanzu ake rufe maka abinci a kan tebur. Ka ce jira arha ne ga mai takardu, na yarda an zalunce ka a lokaci, kuma ba Tak ne ya zalunce ka ba. Shi ma ya yi kuskure da ya ce ka kai daga baya, bai auna nauyin kalmar a kunnenka ba. Amma ka gaya masa nauyin nata? A wasiƙarka na ga ka ce masa bikin 'yarka ne. Ban ga inda ka gaya masa maganar teburin iyaye ba, ko shirun da yarinyar ta yi a waya. Ni da ban san ka ba ka gaya mini, shi da kuke cin tukunya ɗaya ka bar shi yana zaton gardamar giya kuke yi.

Ka same shi da rana, ka zauna ƙasa. Ka sake ba shi haƙuri, wannan karon ba tare da ka tambayi ganga a numfashi ɗaya ba. In ya saurara, ka roƙi guda ɗaya, ba biyu ba. Ka ce shi zai ɗanɗana, shi zai ce a ƙara ko a bari, kuma in za a buɗe bawul hannunsa ne zai buɗe. Ɗayar a bar ta ta nuna yadda yake so, ka gayyaci amarya da ango su zo Geoje su sha ta a gidan da ya riƙe ka. Ka kuma gayyace shi bikin, ba a matsayin direba ba. Lita goma sha tara ta ishi teburin iyaye har ta yi saura.

Sannan ka kira Sol-mae a makon nan, kafin ka san amsar Tak. Ka gaya mata ka dafa biyar ka ɓata uku da garaje, ka gaya mata yadda aka yi. Ka tambaye ta kai tsaye inda za ka zauna. Ba zan yi maka alkawarin za ka ji abin da kake so ba. Mijin uwarta ya yi wasu abubuwa da kai ba ka samu ikon yi ba, kuma mai yiwuwa a raba kofin, mai yiwuwa a fara da shi. Gara ka ji wannan a waya, ka haɗiye shi a ɗakinka, da ka ji shi a gaban mutane. Kumfa ba za ta sauya tsarin da aka riga aka yi ba, kowace hanya ta bi ta shiga giyar.

In Tak ya ce a'a, a'a ce. Ka kai kwat ɗinka a rage mata hannu, ka hau bas, ka je. Rashin giya za a manta da shi kafin a kwashe kwanuka, rashin zuwanka ne ba za a manta ba.

Abu na ƙarshe, kuma da shi nake so ka fara in ka zauna gabansa. Ka rubuto mini doguwar wasiƙa, ka faɗi litar ganga da launin gwiɓa, amma ba ka faɗi abin da likitan Jinju ya ce wa mutumin nan ba. Ina jin ba ka tambaya ba. Ya dawo daga kallon hoton ƙirjinsa, ya sayo kwaɗo ya rufe ganga biyu a gefen shimfiɗarsa, yana ƙirga musu kwana. Ba kai kaɗai ne lokaci ya yi wa ƙaranci a gidan nan ba. Ka tambaye shi, ka kuma tsaya ka ji amsar.

Allah ya ba Tak sauƙi, ya sa a yi bikin Sol-mae lafiya, kai kuma ya kai ka ka ga 'yarka da idonka.

Malama Gong